Tarbar Baƙo a Zauren Manyan Idanu

"Ka ce min ni kaɗai zan gani."

"Na ce."

"To waɗannan fa? Su ma ni kaɗai ce?"

Ta miƙo masa wayar har ta kusa taɓa hancinsa. Fensir bai karɓa ba. Ya riga ya san abin da ke ciki, tun safe shi yake kallo har idonsa ya yi yaji.

A matattakalar bayan shagon mahaifinta suke, inda ake jibge kwalayen da aka kwashe tabarau. Shi a tsallaken titi yake aiki, shagon buga allunan talla. Fensir ake ce masa don ba ka raba kunnensa da guda ɗaya. Ita kuwa Ido Huɗu ce tun suna makaranta, kuma duk duniya shi kaɗai ta bari ya ci gaba da kiranta haka.

"Ga ni da gashi shuɗi," ta ce, tana ja da yatsa. "Ga ni da takobi. Ga ni da kunnen mage. Kunnen mage, Fensir! Ni da ko hotona ban taɓa sawa a waya ba."

"Ba ni na zana su ba."

"Wa ya ba su ni?"

Ya kai idonsa kan kwalayen.

"Ka buɗe baki mana. Kullum kai shiru kamar an aiko ka gaisuwar mutuwa."

"Saboda Abbanki na yi."

Ta sauke wayar a hankali. Hawayen da take ta riƙewa suka samu hanya, suka taru a ƙasan gilashin. Ta cire tabaran ta goge da gefen mayafinta ta mayar.

"Saboda Abba," ta maimaita. "To ka yi. Ya gani. Manaja na shagonmu ya kai masa da safen nan, ya ce ga abin da wancan yaron yake yi da 'yarka. Ni ma sai da na yi rajista a wurin na gani da idona. Abba ya ce ka zo in an yi la'asar."

*

Maganar ta samo asali ne tun ranar da Fensir ya yi ƙarfin hali ya je gaban mahaifinta, Mai Tabarau, da jakar zanensa, don ya nuna yana da abin yi bayan wankin injin buga talla.

Dattijon ya buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Anime ne duka, irin zanen nan na 'yan Japan mai manyan idanu da ɗan ƙaramin hanci kamar an manta da shi. Ya daɗe yana kallo, ya daɗe fiye da yadda mai raina abu yake daɗewa. Sannan ya rufe.

"Idon nan kuma wane tabarau ne zai rufe shi?" ya ce. "Yaro, ba na tilasta wa 'yata. Amma ba zan ɗauke ta in ba wa mai zanen 'yan tsana ba. Wa yake kallon wannan? Nuna min mutum ɗaya mai hankali da ya damu da shi."

A satin ne kuma ya ba Manaja izinin ya riƙa magana da ita. Manaja ɗan amininsa ne, shi yake kula da ɗakin yankan gilashi a bayan shagon. Yana da mota, yana da ƙamshi, yana da "ranka ya daɗe" a bakinsa kamar numfashi.

Tambayar nan ta wa yake kallo ita ta hana Fensir sukuni. Shi ma bai sani ba. Bai taɓa haɗuwa da wani mai irin zanensa ba. Sai ran nan, yana jiran injin ya gama fitar da tallan wata makaranta, ya yi bincike a wayarsa ya faɗa wani zaure na masu zanen anime. Zauren Manyan Idanu.

Ya leƙa, sai ya kasa fitowa.

Akwai ɗakin sababbin shiga. Akwai ɗakin da ba a komai sai gyaran zanen hannu, don ashe ba shi kaɗai yatsu suke wahalarwa ba. Akwai wata da ta zana ruwan sama har ka ji sanyi. Wasu da yarensa suke rubutu, wasu sai ya latsa fassara, ta fito masa da magana a karkace amma ya gane. Ya riƙa buɗe zanen mutane yana ƙara girmansa, yana neman inda suka fara layi da inda suka ɗauke hannu.

Wurin rajista suka nemi suna, ya sa Fensir. Suka kawo dokoki, doguwar magana kamar takardar cikin kwalin magani. Ya ja ta ƙasa da babban yatsa ya latsa "na yarda".

Suka ce sabon shiga ya ɗora zanen da ya fi so.

Ɗaya ne da shi. Ita ce, zaune a bayan kanta, tana ɗaure wa wani tabarau 'yar ƙaramar ƙusa. Ya yi mata alkawari ba mai gani. Amma ya ce a ransa, fuskar anime ai ba ta kama da kowa, duk uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wa zai gane ta?

Ya manta cewa ya zana jan tabaranta mai ɗan tsagi a kusurwa. Ya manta cewa ya zana allon gwajin ido da ke bayanta, mai manyan haruffa a sama ƙanana a ƙasa. Ya manta har tsohon agogon shagon ya sa.

Ya kai zanen bakin taga inda haske ya fi kyau, ya ɗauka, ya ɗora.

Abin da bai karanta ba yana can tsakiyar dokokin. Tarbar baƙo suke ce masa. Duk wanda ya ɗora zanen farko, 'yan zaure sai su ɗauki wanda ya zana ɗin, kowa ya sake zana shi da irin nasa hannun ya dawo masa da shi. Haka suke cewa sannu da zuwa. Wanda ba ya so sai ya rubuta tun farko cewa kada a taɓa masa.

Fensir bai rubuta komai ba.

*

"Da farko daɗi na ji," ya ce mata, idonsa a kan kwalayen. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Mutanen da ban sani ba suka zauna suka ɓata lokacinsu a kan abin da na yi. Na ce ga amsar Abba."

"Da fuskata."

"Da fuskarki. Na yi kuskure."

"Ka goge."

"Na goge nawa. Na roƙi shugabar zauren, ta ce za ta yi musu magana. Amma wanda ya riga ya sauke a wayarsa, ba ni da iko da shi."

Ta zauna a kan matattakala ta haɗa kai da gwiwa. Kukan nata ba mai ƙara ba ne, shi ya sa ya fi cin sa.

"Ka san abin da na yi ta gaya wa Abba? Na ce ba shi da mota, ba shi da baki, amma in ya ce abu to ya zauna. Abin da nake da shi ke nan a kanka. Shi kaɗai. Yau me zan ce?"

"Ki ce na karya."

"Ka ji ka ko? Ko rarrashi ba ka iya ba."

"Ban iya ba."

"Manaja ya iya."

"To."

Ta ɗago ta harare shi. "To? To kawai? Wallahi wata rana sai na fasa maka fensirin nan a ka."

Ya zauna a matakin da ke ƙasa da nata. Can sai ya ga hannunta ya koma kan wayar, tana ja a hankali, tana jan hanci. Fushi take, amma idonta ya ƙi barin zanukan.

"Wannan mai takobin daga ina take?"

Ya leƙa. "Nesa. Sai da na latsa fassara."

"Me ta ce?"

"Ta ce kina da idon wadda ba ta jin tsoro."

"Ƙarya take." Ta ja gaba. "Shi kuma mai kunnen magen Allah ya isa." Amma gefen bakinta ya ɗan motsa.

Sai ta tsaya.

"Wannan fa?"

Fensir ya karɓi wayar a karon farko. Bai ga wannan ba, zanen bai daɗe da shigowa ba. Ba a kwamfuta aka yi shi ba kamar sauran. Zanen fensir ne zalla a kan farar takarda, an ɗauke shi a ɗan karkace. Idanun manya ne irin na anime, amma hannun da ya yi su bai saba ba, ana ganin inda ya goge ya sake. Wanda ya ɗora ba shi da hoto. Sunansa Baƙo kawai, kuma jiya ya shiga zauren.

Ƙarƙashin zanen ya rubuta layi ɗaya: "Tabarau ba taga ba ne. Yana canza fuskar da ke bayansa."

Fensir ya ƙara girman zanen. A cikin gilashin, layin gefen fuskarta bai haɗu da na waje ba. Ya shige ciki, kamar an ɗan matse fuskar a wurin. A hagu ya fi shigewa.

"Kuskure ne ya yi," ya ce. Sai kuma ya ce, "Tsaya. Kalle ni."

"Ba zan kalle ka ba."

"Don Allah."

Ta juyo. Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ga shi nan kuwa. Ta cikin gilashin, gefen fuskarta ya shige ciki, na hagu ya fi na dama. Shekara da shekaru yana zana fuskar nan, bai taɓa lura ba.

"Me ya sa haka?"

"Gilashin masu ganin kusa haka yake yi, yana rage abu," ta ce. "Na hagu ya fi kauri don idon ya fi rauni." Muryarta ta yi ƙasa. "Amma ba a zanenka wannan yake ba."

"Babu."

"Kuma dubi bakin."

A zanen Fensir bakinta a rufe yake, ɗan layi guda. A wannan kuwa ta ɗan cije leɓenta na ƙasa ta gefe, yadda take yi in ƙusar ta ƙi shiga rami. Ba ta yin haka in akwai mai saye a gabanta. Sai shagon ya zama babu kowa.

"Wa ya san na hagu ya fi kauri?" ya ce.

"Wanda ya gwada idon." Ta kalli ƙofar shagon. "Da wanda ya yanka gilashin."

Abba ke gwaji. Manaja ke yanka.

*

Da la'asar ya tsallako titi ya yi sallama. Shagon yana ƙamshin ruwan goge gilashi. Madubai ta ko'ina, duk inda ya juya sai ya ga kansa da rigarsa mai ɗigon tawada.

Mai Tabarau yana zaune a bayan kanta. Manaja yana tsaye kusa da ƙofar ɗakin yanka, hannu a aljihu. Ita tana can gefe tana jera firam ɗin tabarau waɗanda dama suke a jere.

Fensir ya durƙusa ya gaida dattijon.

"Tashi. Kai ka sa 'yata a kasuwar duniya?"

"Ni ne, Baba. Ban karanta dokarsu ba. Laifina ne."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Shi ke nan gaskiyar."

Manaja ya yi ɗan murmushi. "Ranka ya daɗe, ni ba don in ɓata shi na kawo maganar ba. Mutuncin gidan nan nake dubawa. Yau kunnen mage, gobe wa ya san me za su sa mata?"

Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma Fensir ya ji ta har cikin ƙashinsa.

"Yaya Manaja," ta ce daga inda take, ba ta juyo ba, "a ina ka gani?"

"Wani ne ya turo min."

"Wa?"

"Wani abokina."

"Ai wancan ɗakin a rufe yake," Fensir ya ce. "Sai wanda ya yi rajista yake ganin ɗakin sababbin shiga."

"To abokin nawa ya yi rajista ke nan." Manaja ya gyara tsayuwa. "Kuma ba ni ake tuhuma ba. Mutumin da ko inuwar ƙarƙashin haɓa bai iya sawa daidai ba, shi zai..."

Ya katse. Fensir ya ɗago ya kalle shi. Inuwar ƙarƙashin haɓa. Ba maganar mai yankan gilashi ba ce wannan.

Mai Tabarau ya yi gyaran murya. Ya cire tabaransa ya shiga gogewa, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Wannan zauren naku," ya ce, "su waye a ciki? Yara ne marasa aikin yi?"

"Akwai yara. Akwai malamar asibiti. Akwai wani direban babbar mota, a wurin hutu yake zane."

"Direba." Ya ɗaga gilashin sama ya duba ta haske. "Kuma ba su tambayar shekarun mutum in zai shiga?"

"Suna tambaya, amma ba su hana babba."

"Uhm. In mutum ya ɗora abu, su waɗancan alamun zuciya da suke taruwa a ƙasa, me suke nufi?"

"Mutane sun so shi ke nan, Baba."

"Ko da ba su san shi ba."

"Ko da ba su san shi ba."

Dattijon ya mayar da tabaransa, fuskarsa ta koma yadda take. "Ba wannan ya tara mu ba. Na ce ka nuna min mai hankalin da ya damu da zanenka, ka je ka nuna wa duniya 'yata. Ka yi mata alkawari ka karya. Daga yau kada in ƙara ganinka a matattakalar baya. Ke kuma ki ba wa yayanki amsa kafin ƙarshen watan nan, ko e ko a'a, na gaji da jan rai."

Fensir ya juya zai fita.

"Tsaya," ta ce.

Ta ajiye firam ɗin da ke hannunta. Ta zo ta ɗora wayarta a kan gilashin kanta, tsakanin mahaifinta da Manaja, zanen Baƙo a buɗe. Hawaye yana bin kumatunta, amma ba ta goge ba.

"Abba, ka yi haƙuri, zan yi magana. Shi ya yi laifi, ya ce ya yi. Ni aka yi wa, kuma ban yafe ba tukuna. Amma wannan ba shi ya zana ba. Bai ma san gilashin hagu ya fi kauri ba sai yau."

Ta nuna zanen da yatsa.

"Wanda ya yi wannan ya zauna ya karanta dokar da shi bai karanta ba. Ya yi rajista. Ya nemo fensir. Ya goge ya sake, ya goge ya sake, ga shi nan ana gani. Ya ɗora ni a zauren da ake cewa an zubar min da mutunci a ciki." Ta ja numfashi. "Kuma ya yi ni da kyau. Ban taɓa ganin kaina haka ba."

Ta juya ga Manaja. "Yaya, in kai ne, to da hannu ɗaya ka zana ni, da ɗayan ka kai ƙara. Ina so in sani kafin in ba ka amsa."

Manaja ya kalli ƙasa. Har yanzu hannunsa yana aljihu.

Ta juya ga mahaifinta, muryarta ta karye. "Abba, in kuma kai ne, to ka samu mai hankalin da ka ce a nuna maka."

Agogon shagon ya ci gaba da tafiya. A waje wata mota ta yi ham ta wuce.

Fensir ya san abu ɗaya da duk mai zane ya sani: wanda ya daɗe a kan takarda da fensir, gefen hannunsa yakan yi baƙi-baƙi, daga ɗan ƙaramin yatsa zuwa wuyan hannu, kuma sabulu ba ya fitar da shi a wanki ɗaya. Ya kai idonsa kan Manaja, aljihu ya rufe. Ya kai kan Mai Tabarau. Dattijon ya sauke hannunsa na dama ƙarƙashin kanta, a hankali, kamar mai neman wani abu a aljihun tebur. Bai buɗe aljihun tebur ɗin ba.

Hasken wayar ya fara dusashewa. Ta sa yatsa ta taɓa, fuskar ta sake fitowa, manyan idanu, leɓe a cije, gefen hagu a shige.

Ƙasan zanen wata sabuwar zuciya ta ƙaru.

"A cikinku," ta ce, "wa ya zana ni?"